Baba yana shan kemo amma ya kafe sai ya je gona, ya zan yi da shi?

Ɗan_Kurna

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya cika min ciki, a gida kowa ni yake kallo wai ni ne babba ni zan yanke hukunci, alhali ni ma kaina a ɗaure yake.

Mahaifinmu manomi ne, shekararsa 63, a Kurna muke zaune tun muna yara amma gonar tana can bayan Dawanau ta hanyar Dawakin Tofa, gero da dawa da wake yake yi sai ɗan gefen gyaɗa saboda Umma tana ƙuli. Wajen shekara guda yana fama da ciki, jini a bayan gida, yau gudawa gobe cikin ya ɗaure, kowa yace basir ne, ba irin jiƙon da bai sha ba, wani mai kemis ma cewa yayi taifot ne ya ɗora masa ruwa leda uku. Sai da ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa sannan ya yarda muka kai shi asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, aka zura kyamara aka duba hanjin aka yanko ƴar tsoka aka kai gwaji, sakamako ya fito ciwon daji ne na babban hanji. Bayan ƙaramar salla akai masa aiki aka yanke wajen, alhamdulillah ba a sa masa ledar nan da ake liƙawa a ciki dan fitar bayan gida ba. Yanzu kemo ake masa, likita yace sau 8, duk bayan sati uku, rana ɗaya ƙarin ruwa sai kuma ƙwayoyi safe da yamma na kwana 14, ya huta kwana 7 a sake. Mun yi biyu.

To matsalar ga damina ta kankama, an yi shuka, ƙannena ne suka yi ta da kyar, yanzu lokacin firi ne. Ranar Talata bayan asuba Umma ta kira ni tana kuka wai ta shiga kai masa koko shimfiɗa ba kowa, fartanyarsa da take bayan ƙofa ma babu. Ashe autanmu ya tasa a gaba da faɗa sai da ya goya shi a babur. Na rufe shago ban ma buɗe ba na bi su. Wallahi abin da na tarar har yanzu yana min yawo a ido, yana zaune a gindin gawo ya jingina, kunya ɗaya da rabi ya nome, hannunsa sai rawa yake ya kasa ko kwance bakin gorar ruwa, hularsa ta faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Nace Baba me yasa za kai mana haka, sai yace min "kai ciyawa ta san ina asibiti ne?" Ban iya cewa komai ba.

Tunda muka dawo da shi gida kuma ya daina kula mu, abincin ma da da yake ɗan taɓawa yanzu sai ya ture, yace mun maida shi gawa tun bai mutu ba.

Ga kuma baffanninmu sun taso wai a sayar da gonar kawai a yi magani tunda gari ya kusa cimma wajen, dillalan fulotai kullum sai sun kira. Kuma gaskiya kuɗin maganin ba wasa ba ne, bijimi ɗaya ya riga ya tafi, jarina na shago ya kusa rabi. Amma na san ranar da aka sayar da gonar nan ban san me zai rage a jikin mutumin nan ba.

Tambayata, akwai wanda ya taɓa yin kemo ko ya yi jinyar manomi yana kemo? Zuwa gonar haɗari ne ko mu ƙyale shi? Kuma maganar sayarwa me kuka gani?

Maman Ilham

Wa alaikumus salam. Allah sarki Baba, Allah ya ba shi lafiya yasa kaffara ne. Ni dai shawarata ku ɓoye fartanyar nan ku karɓe mukullin babur daga hannun autan, fushi ne zai yi ya huce. Iyayenmu maza haka suke ba sa son a ga gazawarsu, amma lafiya uwar jiki, gero dai ko ba ku noma ba za ku auna a Dawanau, shi fa in ya faɗi a gonar ba kowa kusa a ina za ku auno wani. Kuma ku dinga ba Umma baki dan ita ma jinyar tana cin ta, mai jinya ya fi mara lafiya wahala wani lokacin.

Baban Kadawa

Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri. Ni ba labari aka ba ni ba, a jikina aka yi. Nawa na ƙululun wuya ne da hammata, limfoma suke ce masa, sau 6 aka ɗora min ruwan duk bayan kwana 21, yau shekara huɗu kenan da gamawa kuma ga ni ina noman shinkafata a Kadawa, in rani yayi tumatir da albasa.

Hajiya Maman Ilham ki gafarce ni amma kar su ɓoye fartanyar. Wanda bai taɓa noma ba ba zai gane ba. Mutumin da tun yana shekara bakwai da rana a bayansa yake tashi, ka kwantar da shi a ɗaki yana kallon silin yana jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan dare, wallahi wannan ma wani ciwon ne daban kuma likita ba shi da allurarsa. Ni a zagaye na farko da aka hana ni fita ba ciwon ne ya fi damuna ba, ji nake kowa a gida yana magana ƙasa ƙasa in na shigo ai shiru, yarana suna lissafin taki ba sa tambayata, kamar an riga an yi min sadakar uku.

Amma kuma shi ma Baban naku yayi ganganci, kuma na san gangancin dan na yi wanda ya fi nasa. A zagaye na biyu kwana tara da ƙarin ruwa na ji ɗan ƙarfi, ga dashe ana yi, na tuɓe takalmi na shiga fadamar shinkafa kamar yadda na saba. Wani ɗan abu ya yanke ni a tafin ƙafa, yankan da a da ko kallonsa ba na yi. Kwana biyu ƙafa ta kumbura kamar tulu, zazzaɓi ya rufe ni ina ta sambatu, da daddare aka ɗauko ni daga Kura zuwa cikin gari, kwana shida a gado ana ta allurai, kuma aka ɗaga min kemo na gaba da sati biyu dan jinina bai kai ba. Kaga na yi biyu babu, dashen ban gama ba maganin ma ya tsaya, kuɗin kwanciyar ya fi abin da zan ba ƴan ƙwadago su dashe min gonar gaba ɗaya.

Daga nan na koyi raba kwana 21 ɗin nan gida uku, ni na sa musu suna da kaina. Satin farko satin tabarma, amai da kasala, baki ba ɗanɗano, tuwo kamar kana tauna katifa, ba inda za ka. Sati na biyu shi ne macucin, ka ji kamar ka warware alhali a lokacin jinin yake ƙasa, a nan ne ake shiga uku. Sati na uku shi ne nawa, shi nake zuwa gona. Kuma zuwan ba wai na kama garma ba, a'a, bayan asuba a kai ni, a shimfiɗa min buhu a inuwa, in zagaya kunyoyi a hankali da sanda, in ce nan ruwa ya kwanta a buɗe masa, nan ganye yayi ɗorawa ɗorawa yana son yuriya, wancan yaron aikinsa ha'inci ne binne ciyawa yake ba nomewa ba. Kafin ƙarfe tara rana ta fara zafi na dawo gida. Idon mai gona ai shi ma taki ne. Kuma ranar da na je gona abinci na yake shiga, wannan matata ce ta fara lura ba ni ba.

Nasa maganin ba irin nawa ba ne tunda shi har da ƙwayoyi, dan haka ku tambayi likitansa wane kwanaki ne nasa na fita, kar ku ɗauki lissafina kai tsaye.

Sannan ku kira gayya mana. Ko an daina a wajenku? Mutumin da ya shekara arba'in yana noma a waje ɗaya ba zai rasa waɗanda ya taɓa yi wa rana ba. Ku sanar a masallacin ƙauyen ranar Juma'a, Umma ta dama fura ko kunu a yi ɗan wake, matasa ashirin kafin azahar sun gama muku firi, in maimai ta zo a sake. Ni mutanen da na taimaka wa da iri a 2016 shekarar da tsutsar sharon ta cinye mana tumatir, su ne suka yi min girbi ina kwance, ko sisi ba su karɓa ba.

Maganar sayarwa kuwa ni dai a'a. Akwai jingina, akwai haya ta shekara, akwai ka ba wani ya noma a raba amfani. Duk waɗannan gona tana dawowa. Fuloti in an yanka an kafa bulo shikenan.

Sista_Gwale

Salam ɗan uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki da masu karɓar kemo, zan faɗi abin da na sani amma maganar ƙarshe ta likitansa ce dan shi yake ganin sakamakon jininsa.

Yadda ka kwatanta, ruwa rana ɗaya da ƙwayoyi kwana 14, ya yi kama da haɗin da aka saba ba masu dajin hanji, oxaliplatin a ruwa da capecitabine a ƙwaya, wasu da Xeloda suka san ta. Duba takardar ka gani. In shi ne to akwai abubuwan da suka shafi manomi kai tsaye.

Ƙwayar nan tana taɓa tafin hannu da tafin ƙafa, su yi ja su yi zafi, fata ta tsage har ta saɓule, kuma gogayya da zafi suna ƙara abin. To ka duba ƙotar fartanya a hannu awa biyu, ga tafiya a ƙasa mai zafi da silifas. Tana kuma sa rana ta fi cin fata, dan haka malafa da riga mai dogon hannu, kuma a dinga shafa masa mai a hannu da ƙafa safe da dare ko man kaɗanya ne. Shi kuma na ruwan jijiyoyi yake taɓawa, yatsu su dinga mazari ko su mutu, musamman in an taɓa abu mai sanyi a kwanakin farko, har ruwan firij in ya sha sai ya ji kamar maƙogwaro ya shaƙe. Wannan rawar hannun da kasa kwance gorar da ka gani ka faɗa wa likita kafin a ɗora na uku, kar ku ce ƙaramin abu ne, da shi suke duba ko za a rage maganin. Mutumin da yatsunsa ba sa ji sosai kuma ga lauje ga adda, ka san sauran.

Abin da Baban Kadawa ya faɗa na sati na biyu haka yake, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye a gida, ba shi da tsada. In ya kai 38 ko ya fara rawar sanyi, asibiti kai tsaye ko ƙarfe biyun dare ne, ku ce musu yana kan kemo tun daga bakin ƙofa. Kar a ba shi farasitamol a ce bari a gani zuwa safe, kar kuma a ce maleriya ce kawai a je kemis, ga damina ga sauro na sani, amma a bar asibiti su tantance. Gidan sauro dole. Gudawa ma in ta wuce sau huɗu a rana fiye da yadda ya saba, ko baki ya fashe ya kasa ci, a dakata da ƙwayar a kira su.

A gonar abin da na fi jin tsoro shi ne taki. Mutanenmu na kewayen Kano da takin gida da sharar gari suke gyara gona tun kaka da kakanni, kuma sharar yanzu ba ta da ba ce, akwai kwalba akwai ƙusa har da sirinji. Kar ya taɓa ta, kar ya taɓa kashin kaji, in kaka ta yi kuma ya nisanci wajen sussuka da shiƙa da shiga tsohon rumbu saboda ƙurar tana ɗauke da funfuna. Feshi kuwa ko na ciyawa ko na ƙwari babu shi babu goya famfo, ranar da ake feshi ma ya zauna a gida. Sai kuma ɗinkin cikinsa, aikin bai daɗe ba, ɗaukar buhu ko dami ko sunkuyon noma na iya jawo ƙaba a wajen.

Amma fita ya taka ya sha iska ya ga shukarsa, wannan mu ma muna so, tafiya kaɗan kaɗan tana rage kasalar kemo fiye da kwanciya wuni guda. Takalmin roba, safar hannu, ruwa mai tsafta a gora, wani a kusa da shi, ya dawo kafin rana ta take.

Ɓangaren kuɗi, akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu ciwon daji da aka fara a 2021, sai dai da dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, aka fara shi, dan haka kar ka ɗora rai sosai, ka dai tambaya. Je ka ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, sannan ka kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi, ba abin kunya ba ne haƙƙi ne.

Abu na ƙarshe kuma naka ne kai da ƙannenka. Wanda mahaifinsa ya yi dajin hanji ana so ya fara gwajin hanji tun yana shekara 40. Kuma duk wanda ya ga jini a bayan gida ya daina cewa basir ne kawai ya je a duba.

Abu Sudais 77

Malam ni fa gaskiya zan faɗa maka, daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, tun iyaye da kakanni an san wannan. Kun riga kun yi kuskuren yanka, to kar ku ƙara da wannan ruwan da yake ƙona jini. Ka duba da kanka ai kafin a fara yana iya noma yanzu ko gora ba ya iya buɗewa. Akwai masu magani na gida da na Musulunci da suke warkar da shi cikin wata ɗaya ba tare da an sayar da ko akuya ba. In kana so ka min magana ta inbos.

Yar Fagge

Abu Sudais ka ji tsoron Allah. Irin maganar nan ce ta raba ni da yayata. Dajin mama ne, an yi mata kemo uku ƙullutun har ya motse likita yana murna, sai wata ƙawar surukarta ta zo da zancen daji ba ya son allura, aka ɗauke ta aka kai ta wajen wani mai magani a bayan gari, jarka jarka na jiƙo da wani baƙin abu da ake liƙawa a wajen, ya karɓi kuɗin da ya fi na kemon da ya rage. Wata biyar muka koma asibiti wajen ya fashe yana wari ya shiga ƙashin baya, suka ce yanzu sai dai a rage mata raɗaɗi. Yara huɗu ta bari, ƙaramar tana hannuna.

Ba wanda ya hana addu'a, ba wanda ya hana zamzam da tofi, mu ma muna yi. Amma ka ce mutum ya ajiye maganin asibiti kuma ka ce a biyo ka inbos, me ya hana ka faɗa a nan kowa ya gani? Ɗan_Kurna ko zuma da habbatus sauda za ku ba shi ku fara nuna wa likita, ballantana jiƙon da ba a san me ke ciki ba, hanta da ƙoda suna fama da kemo a ƙara musu wani kayan.

Alhajin Layin Wake

Ɗan_Kurna sannu. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, lissafi zan maka, kuma zan ɗan saɓa da yayana Baban Kadawa duk da maganarsa ta ratsa ni.

Sau 8 aka ce, kun yi 2, saura 6, wato sati 18, wajen wata huɗu da ƴan kwanaki, in ba a ɗaga ko ɗaya ba. Gero sai Satumba, dawa sai Nuwamba zuwa Disamba, wake ma can. Ma'ana kusan duk maganin za ku saye shi ne kafin gonar ta ba ku ko tiya ɗaya, a daidai lokacin da gona ita ma take neman taki da kuɗin ƙwadago. Kuma in amfanin ya zo a kaka zai zo lokacin da kaya ya fi araha, wanda yake da mara lafiya kuwa ba ya iya ajiya ya jira farashi, a ranar zai kaɗar, mu da muke saye mun sani. Ƙara da kuɗin mota da gwajin jini kowane zagaye, tun da aka cire tallafin mai a 2023 zirga zirga kaɗai ta isa ta karya mutum. Dan haka ka zauna da biro da takarda yau ka fitar da kuɗin zagaye shida gaba ɗaya ka ɗora wani abu a kai na ko ta kwana, ka ga me kake da shi. Abin da ba a so shi ne a kai na biyar kuɗi ya yanke.

In jingina za ta rufe ramin to madalla ita ce gaba, amma a rubuta da shaidu da sa hannun mai unguwa, a faɗi shekara nawa, dan na ga jinginar baki da baki da ta zama rigimar kotu bayan masu maganar sun ƙaura. In ba za ta rufe ba, yanke gefe ɗaya na bakin hanya a sayar ba kafirci ba ne, mu mun yi da mahaifiyarmu ba ta da lafiya kuma ban taɓa nadama ba. Abin da zan hana ka shi ne sayarwa gaba ɗaya, da sayarwa cikin gaggawa, dillali in ya ji ƙamshin asibiti rabin kuɗi zai taya.

Sannan tambaya, gonar ta Baba ce shi kaɗai ko gado ce da ba a raba ba? Dan yadda baffannin nan suka matsa, Allah ya sa tausayi ne zalla. Ban ce komai ba fa. Kuma ko ma mene ne kar a yi a bayan idonsa, mutum yana raye da hankalinsa ba a sayar masa da gona a soro.

Ɗan_Kurna

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, wallahi ban zaci zan samu amsoshi haka ba. Yar Fagge Allah ya jiƙan yayarki ya raya abin da ta bari. Abu Sudais na gode amma ba zan zo inbos ba, shekara guda muka yi muna jiƙo kafin mu je asibiti.

Jiya bayan isha na shiga wajensa na karanta masa rubutun Baban Kadawa tun daga farko har ƙarshe. Da na zo wajen yaron da yake binne ciyawa sai da yayi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin aiki, yace wannan mutumin manomi ne na gaske, a tambaye shi wane iri yake dasawa. Baban Kadawa Allah ya ƙara girma, ga saƙo nan ku ba shi amsa. Da na zo wajen ƙafar da ta kumbura kuma shiru yayi bai ce komai ba.

Mun yi yarjejeniya, fartanya tana nan a bayan ƙofa ba wanda zai ɓoye ta amma ba za ta bi shi ba, zai dinga zuwa a satin hutun ƙwayoyi in likita ya yarda, ni zan kai shi da kaina a adaidaita ba a babur ba. Gayya kuma ashe shi kunya ce ta hana shi nema, wai kar a ce ya zama abin tausayi, sai da Umma ta tuna masa shekarar da ya kwashe mu duka muka je muka yi wa maƙocin gonarsa girbi da ya karye a ƙafa. Autanmu zai je ƙauyen ranar Juma'a ya sami liman.

Alhaji tambayarka ta sa na binciki abin da ban taɓa bincika ba. Ashe gefen gyaɗar ne kawai ya saya da kuɗinsa, babbar ta gado ce su huɗu ba a raba ba, shi dai yake nomawa tun rasuwar kakanmu yana ba su nasu a kaka. To kun ji. Ban san ya za ta kaya ba, yace a kira su duka ranar Asabar a yi maganar a gabansa, kuma a zo da mai unguwa.

Sista na duba takardar, sunayen da kika faɗa ne. Na sayi ma'aunin, na kuma rubuta maganar rawar hannun a bayan katinsa dan kar in manta, jibi za a ɗebi jini in yayi kyau washegari a ɗora na uku. Tafin hannunsa na dama ya fara ja a gindin yatsu, shi ma in nuna musu ko sai ya tsage? Sannan dan Allah wa ya san inda zan samu takalmin roba lamba 45, na zaga Sabon Gari yau duk 42 da 43 nake gani, mutumin ƙafa gare shi.